Yadda za mu riƙe al'adun bikin gidanmu, mu kuma kafa sababbi: jagora ga iyaye Kirista a Kaduna

Shekarar da mahaifiyata ta rasu, Kirsimeti ya same mu a Narayi da komai a hannu. Akwai shinkafa, akwai kaji, tela ma ya cika alkawari. Da asubar ranar 25 ga Disamba, muna shirin tafiya sujada cikin sanyin hunturu, autarmu ta leƙo kicin ta ce, "Mama, yau ba za a sha kunun Kaka ba?" Na tsaya da ludayi a hannu. Kunun gyaɗa ne da acca, wanda mahaifiyata take damawa tun kafin zakara ya yi cara, kowa ya sha kafin a fita. Na sha shi fiye da shekara talatin, amma ban taɓa tsayawa kusa da tukunyar na ga lokacin da take zuba tsamiya ba. Na dama abin da na iya, yarinyar ta kurɓa sau biyu ta ajiye kofin.

Tun daga ranar nake nazarin abin da ke sa wata al'adar gida ta rayu, wata kuma ta bi mai ita kabari. Abin da na gano shi ne, wadda take rayuwa ita ce wadda yaro yake da aikin yi a cikinta, ya kuma san dalilinta, sannan ba ta fi ƙarfin aljihu ba ko a shekarar babu. A kan wannan na gina matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: ku je wurin tsofaffi tun suna nan

Kada ku jira Disamba, lokacin da kowa yake guje-guje. Ku ware wata Asabar a Oktoba ko Nuwamba, ku je wurin Kaka, ko Goggo, ko Kawu, duk wanda ya fi tsufa a dangi. In suna ƙauye, a Zonkwa ko Kwoi ko Manchok, kuma hanya ba ta samu ba, waya ma ta isa, amma zuwa da ƙafa ya fi. Ku tafi da yaro ɗaya aƙalla, ku ba shi wayar ya riƙe yana ɗaukar muryar.

Kada ku ce, "Baba, ba mu labarin Kirsimetin da." Zai ce muku da daɗi, shi ke nan. Ku yi tambayar da ke da ƙofa: wa yake fara tashi da safe? Me ake fara ci? Wace waƙa ake yi in an fito daga coci, kuma ana zagaya gari da ganga ko a'a? Gidan wa ake fara kai abinci? Shekarar da amfanin gona bai yi ba, me aka yi? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi fito da zinariya, domin a nan za ku ji abin da gidanku ya ƙi bari ko da babu ko sisi.

In abinci ne, magana ba ta isa ba. Ku sayi kayan, ku ce ta dafa kuna tsaye. Tsofaffinmu da ido da tafin hannu suke awo, saboda haka duk abin da ta ɗebo, ku tare shi a gwangwanin madara ko a mudu kafin ya shiga tukunya, ku rubuta. Daga baya wata ƙanwar Mama ce ta nuna mini cewa sai an sauke kunun daga wuta ake zuba ruwan tsamiya, kaɗan-kaɗan ana juyawa, kuma gyaɗar sama-sama ake soya ta.

In waƙa ce, ku roƙa a rera ta da yaren gida. Yaranmu na Kaduna suna tashi da Hausa da Turanci, amma Tyap da Jju da Hyam da Gbagyi da Adara suna zame musu. Waƙa ɗaya ta haihuwar Yesu da yaren kakanni, ko Addu'ar Ubangiji, abu ne da yaro ɗan shekara biyar zai haddace cikin mako biyu. Ku tura abin da kuka ɗauka wa 'yan'uwa biyu ko uku, don waya tana faɗawa ruwa, tana kuma ɓacewa a kasuwa.

Mataki na biyu: ku zauna ku biyu ku tace

Aure gida biyu yake haɗawa, kowa kuma yana ganin na gidansu ne daidai. A gidanmu ba a cin komai mai nauyi sai an dawo daga sujada. A gidan su maigidana kuwa tun daren 24 ake soya nama, ana ci ana hira har tsakar dare. Shekarunmu na farko mun sha ɓata rai a kan wannan, ba don wani ya yi laifi ba, sai don ba mu taɓa zama mun faɗa wa juna abin da kowa yake ɗauke da shi a zuciya ba.

Ku ɗauki takarda bayan yara sun kwanta. Kowa ya rubuta abubuwa uku da in babu su, a wurinsa ba a yi biki ba. Uku kawai. Sai ku gwada kowanne da tambayoyin nan: za mu iya yinsa a shekarar da albashi ya makara? Yaro yana da abin yi a ciki, ko kallo ne nasa? In ya tambaye mu dalili, muna da amsa?

Tambayar ƙarshen nan ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Fitowa 12:26, lokacin da ake kafa Idin Ƙetarewa, an riga an faɗa wa Isra'ilawa cewa 'ya'yansu za su tambayi ma'anar abin da suke yi, aka kuma ba su amsar da za su bayar. Haka a Joshuwa sura 4, duwatsu goma sha biyu da aka ɗebo daga Kogin Urdun an jera su ne domin wata rana yaro ya tambaya. Wato tun asali an shirya bikin ne yadda zai ja yaro ya buɗe baki.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata a sauke su ba tare da jin kunya ba. Cin bashi don anko na ɗaya. Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne uwa ta kwana a bakin murhu, ta rasa sujadar Kirsimeti shekara da shekaru saboda girkin baƙi. Wace irin koyarwa ce wannan ga 'ya'ya mata, cewa ranar haihuwar Mai Ceto rabonsu hayaƙi ne? A raba aikin: cincin da soyayyen nama a gama su tun 23 da 24, a markaɗa kayan miya da wuri, maza da samari su ɗauki figar kaji da wanke-wanke, safiyar 25 shinkafa kaɗai ta rage. Na uku, shaye-shayen da ke sa yara su ga babba a halin da bai kamata ba. Wannan ba gado ba ne.

Mataki na uku: kuɗi da tela

Nan ba sai na daɗe ba. Asusu ko adashi, daga Fabrairu. Wanda ya ajiye naira 2,000 kowane mako daga farkon Fabrairu zuwa ƙarshen Nuwamba, makonni 43 ke nan, zai tara naira 86,000. Ku sa abin da ya dace da ƙarfinku, daidai ruwa daidai tsaki. Shinkafa, mai, fulawa, sukari da gyaɗa a saye su tun kafin Disamba ta kama, ko a kasuwar Sabo ne, ko ta Monday a Kakuri, ko babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi. In akuya ta fi ƙarfin gida ɗaya, gida uku su haɗa a yi watanda. Yadi ya isa wurin tela a Oktoba. Kuma kafin a taɓa kuɗin biki, a cire kuɗin makaranta na Janairu a ajiye gefe, a manta da shi.

Ku bar yara su ga asusun, su ma su riƙa jefa nasu canjin. Ranar fasa shi ta zama tata ranar.

Mataki na huɗu: sabuwar al'ada, ɗaya tak a shekara

Kuskuren da na yi da farko shi ne ɗora abubuwa biyar a Disamba guda, saboda na gan su a Facebook sun ba ni sha'awa. Kafin 10 ga wata duk sun watse. Ku zaɓi ɗaya. In ta kai shekara uku ana yi, yara da kansu za su fara tuna muku, a lokacin ne za ku ƙara wata.

Wadda ta zauna a gidanmu ita ce karatun Luka. Bisharar Luka sura 24 ce cif, saboda haka in aka fara ranar 1 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare, za a kammala a daren jajibirin Kirsimeti, yara su shiga bikin haihuwar sun riga sun san inda labarin ya dosa, har gicciye da tashi. Ga yadda muke yi. Bayan tuwon dare, kafin a kwashe kwanuka, domin in aka tashi an watse. Wayoyi duka a cikin kwando ɗaya, har ta Baba. Wasu surorin suna da tsawo, sura ta 1 aya 80 ce, don haka in akwai ƙananan yara sai babba ya duba tun da rana ya zaɓi aya goma zuwa goma sha biyar. Muna karantawa da Hausa, wanda ya iya karatu ya karɓi aya biyu-biyu. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, da shi kakanninmu da yawa suka koyi karatu, kuma abin takaici ne a ce jikokinsu suna jin Hausa a baki amma suna tuntuɓe a takarda. Wanda bai iya karatu ba tukuna, aikinsa ya riƙe tocila in an ɗauke wuta, ko ya ja layi a kalanda. Bayan karatu tambaya ɗaya ce: me ka ji da ba ka taɓa lura da shi ba? Sai addu'a gajeriya. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. In an tsallake dare ɗaya saboda baƙi ko gajiya, kada a ce sai an rama, a ci gaba da surar ranar.

'Yan Katolika da Angilikan suna da makonni huɗu na shiri kafin Kirsimeti, ana kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi. Gidan ECWA ko Baptist ko HEKAN ma ba abin da zai hana su aro wannan. Kyandir huɗu a faranti, yaro daban ya kunna kowane mako, a karanta annabci ɗaya, kamar Ishaya 9:6 ko Mika 5:2 da ya ambaci Baitalami.

Wata kuma da ba ta cin ko kwabo ita ce gwangwanin godiya. A samu gwangwani mai murfi a ajiye a falo tun Janairu, da 'yan takardu da biro a gefe. Duk wanda Allah ya yi wa wani abu, zazzaɓi ya sauka, an ci jarrabawa, Baba ya dawo lafiya daga hanyar Abuja, ya rubuta da kwanan wata ya jefa. Ranar 31 ga Disamba da yamma, kafin a tafi coci addu'ar ƙetare shekara, a juye a tabarma a karanta ɗaya bayan ɗaya. Za ku yi mamakin yawan abin da kuka manta. Mu muna rufewa da 1 Sama'ila 7:12, inda Sama'ila ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer, don tuna cewa Ubangiji ya taimake su har zuwa wannan wuri.

Mataki na biyar: kwanon maƙwabci

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ce al'adar da Kaduna ta fi kowa sani, ita ce kuma muka fi kusa da rasawa. Duk wanda ya tashi a garin nan kafin shekara ta 2000 ya san yadda ake yi. Ranar Kirsimeti yara ne 'yan aike, kwano rufe da tawul, daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma da Babbar Sallah naman layya ya dawo ta hanyar da shinkafa ta bi. Rikicin Fabrairun 2000 da na 2002 suka raba garin, Kiristoci da yawa suka koma kudancin kogi, Sabon Tasha, Narayi, Romi, Gonin Gora, Musulmi da yawa suka koma arewa. Yau akwai yaron da ya kai shekara goma sha biyar bai taɓa kai abinci gidan Musulmi ba, ba don an hana shi ba, sai don babu ko ɗaya a layinsu.

To, zumunci a ƙafa yake. In babu maƙwabci a layi, akwai abokin aiki, akwai mai shagon da kuke ciniki shekara goma, akwai tsohon maƙwabcin iyayenku da ya koma Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo. Ku zaɓi gida ɗaya ko biyu, ku yi waya tun mako guda kafin ranar, ku ce za ku aiko yara ko ku zo da su.

Akwai ladabin abin, kuma iyayenmu sun san shi sarai. Dabbar da za a raba, a kira mahauci Musulmi ko maƙwabci ya yanka, a kuma faɗa wa mai karɓa cewa wane ne ya yanka, don ya ci hankali kwance. In gidanku ana cin abin da su ba sa ci, tukunya daban, ludayi daban, kada a haɗa ko kusa. In kuna shakka, cincin da zoɓo da lemo ba su da matsala, wasu ma ɗanyar shinkafa da kaza mai rai suke kaiwa. Ku koya wa yaro gaisuwar tun a gida: ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina wuni? Mama ta ce a kawo muku abincin Kirsimeti." In an ba shi tukwici ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da Sallah kuma ku kai su yin barka.

Kwano na biyu na wanda ba zai iya ramawa ba ne. Nehemiya 8:10 ya ce a ci mai kyau, a sha mai zaƙi, a kuma aika wa wanda ba shi da abin da ya shirya, Yesu kuma ya faɗi irin wannan a Luka 14:12-14. A kowace ikilisiya a Kaduna akwai gwauruwa, akwai maraya, akwai iyalin da harin 'yan bindiga ya koro daga ƙauye suna zaune a ɗaki ɗaya. Shugabar Zumuntar Mata ta san su, ku tambaye ta a asirce. Ku bar yara su zuba abincin da hannunsu, su zaɓi tsoka mai kyau, kuma a zuba wannan kwanon kafin na gida. Kada a ɗauki hoto.

Mataki na shida: gida za a je ko a gari za a zauna

Wannan yana haddasa gardama fiye da komai, don haka a yanke shi tun Satumba, a sanar da iyaye na ɓangare biyu. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne karɓa-karɓa: bana dangin miji, baɗi dangin mata, shekara ta uku a gidanku, domin ku ma gida ne, kuma 'ya'yanku suna bukatar su tuna Kirsimeti a ɗakin da suka girma. In za a yi tafiya, a tambayi mutanen gida halin hanya a makon, a fita tashar mota ta unguwar Television da sassafe, a isa da rana tsaka, kada a yi tafiyar dare da yara.

In kuna wajen Kafanchan har sabuwar shekara, ku kai su Kagoro ranar 1 ga Janairu su ga bikin Afan, bikin gargajiya na mutanen garin, da maharba da masu rawa a gindin dutsen nan. Ku shirya amsa tambayoyi, domin za su tambaya mene ne na gargajiya, mene ne na coci, kuma gara su ji daga bakinku. Shekarar da ba a je ba, a sa lokaci guda a kira Kaka, yara su rera mata waƙar nan ta yare da suka koya daga muryarta.

Mataki na bakwai: kada Ista ta zama 'yar bora

Muna zuba ƙarfinmu duka a Disamba, Ista kuwa ta zo ta wuce kamar kowace Lahadi, alhali tashin Yesu daga matattu shi ne ginshiƙin bangaskiyarmu. Ranar tana canzawa, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, mangwaro ya fara nuna. Ku duba kalanda tun Janairu ku sa alama.

Ganyen dabinon da yara suka riƙe ranar Lahadin da ta gabaci Ista, a koya musu saƙa shi ya zama gicciye, a rataye a ƙofa. Ranar Juma'ar da muke tuna gicciye Yesu, a ci abinci marar nama, fate ko wake, a kashe talabijin daga sha biyun rana zuwa ƙarfe uku, sa'o'in da Bishara ta ce duhu ya rufe ƙasa. Yara za su yi ƙorafi a shekarar farko, su tambayi dalili, abin da ake so ke nan. Safiyar Lahadi a tashe su tun da duhu, a fita tsakar gida a karanta Yahaya sura 20 gari yana wayewa. A gidanmu karin kumallon ranar gasasshen kifi ne da burodi, saboda abin da Yesu ya shirya wa almajiransa a bakin teku a Yahaya 21. Litinin kuma ranar zuwa Galili ce, wato fitar da ake yi don tuna haɗuwar Yesu da almajiransa a Galili bayan tashinsa, in cocinku tana fita ku bi ta, in ba ta fita ku ɗauki tabarma da abinci ku nemi inuwa.

In shekara ta zo da rashi, ko yara sun girma

Akwai shekarar da kujera ɗaya za ta zama babu kowa. Kada ku tilasta wa kanku murna, kada kuma ku soke komai. Ku rage, ku riƙe abu ɗaya da mamacin yake so, ku ambaci sunansa a addu'a a gaban yara, in hawaye ya zo a bar shi ya zo. Samari da 'yan mata kuma, in suka fara ja da baya, yawanci alama ce cewa aikin da aka ba su ya yi musu kaɗan. Wanda yake riƙe tocila da, yanzu a ba shi jagorancin karatun. Wadda take jera cincin a tire, a ba ta kuɗin cefane da jerin gidajen da za a kai wa abinci, a bar ta ta tsara.

Ku sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ku ajiye shi tare da Littafi Mai Tsarki na gida. Kowace 26 ga Disamba, da kowace Litinin ta Ista, yaro ɗaya ya rubuta shafi guda: shekara, su wa suka zo, me aka ci, gidan wa aka kai kwano, wace waƙa aka yi. A namu, shafin farko awon kunun Mama ne da rubutun autarmu: gyaɗa gwangwani uku, acca gwangwani ɗaya, citta kaɗan, tsamiya bayan an sauke. Bara ita ta dama, ni kuma na tsaya a gefe ina miƙa mata ludayi.